TSIRKIYAR KUNTIGI DA WAYAR LANTARKI: ABIN DA KE FARUWA A ƘIFTAWAR IDON DA A KE DAWO DA WUTA

Daga Wakilinmu na Arewa, Jos

Babu wani mutumin Arewa da ke neman abinci a Kurmi, ko a Agege ya ke, ko Idi-Araba, ko Sabo ta Badun, ko Shagamu, ko Anaca, wanda bai san ihun nan da yara kan ɓarke da shi ba idan an dawo da wuta bayan an daɗe da ɗauke ta. Amma fa sau da yawa ihun murnar bai gama lafawa ba sai a ji wani abu ya ce tas a cikin ɗaki, ƙauri ya tashi, akwatin rediyo, ko talabijin, ko cajar waya ta yi shiru. Wanshekare mai gida ya saɓi kayansa sai wurin mai gyara, shi kuwa mai gyara ya kwance, ya shinshina, ya girgiza kai ya ce, "Alhaji, ai wuta ce ta cinye shi." Shi ke nan, kuɗin da aka ƙulle domin aikawa gida sun tafi ga gyara.

Abin tambaya a nan shi ne, don me ɓarnar ta fi aukuwa a daidai lokacin da wuta ta dawo, ko lokacin da aka ɗauke ta, ko sa'ad da hadari ya taso, alhali kuwa kayan nan su kan yini su kwana suna aiki lafiya lau idan wutar tana zaune? Masana sun daɗe da gano dalili, kuma abin mamaki, lissafin da su ke bayyana shi da shi, shi ne dai lissafin da ke bayyana abin da tsirkiyar makaɗi ta ke yi idan an taɓa ta. Babu kuwa garin da ya fi dacewa a ɗauki misalin abubuwan nan biyu kamar Jos, domin gari ne da ya yi suna a kan lantarki, ya kuma yi suna a kan kuntigi.

GARIN KUZA

Kamar yadda dattawa suka sani, kuza ce ta tara jama'a a Jos da Bukuru da Barikin Ladi, ita ce kuma ta jawo lantarki. Tun a shekarar 1923 masu haƙar kuza suka kafa injin ba da wuta mai aiki da ƙarfin ruwa a Kwal. A shekarar 1929 kuma aka kafa kamfanin NESCO, wanda ya gina tasharsa a magangarar ruwa ta Kura domin ya ba filayen kuza wuta, hedkwatarsa kuwa a Bukuru. Watau ke nan ruwa ya shekara kusan 45 yana juya injin lantarki a Filato kafin a gama madatsar Kainji a 1968, balle a yi zancen kafa NEPA a 1972.

Har wa yau Jos gari ne na kan tudu, ya ɗara ƙafa 4,000 bisa teku, kuma duk wanda ya yi damina a can, daga watan Afrilu zuwa Oktoba, ya san irin walƙiya da tsawar da a ke yi, wani lokaci har da ƙanƙara. Dogayen wayoyi a kan tsaunuka, ga manyan injuna da a ke kunnawa ana kashewa, ga kuma aradu a sama: waɗannan uku su ne iyayen abin nan da za a iya kira zaburar wuta, watau ɗan hargitsin da ke aukuwa a cikin waya daga lokacin da wani abu ya sake farat ɗaya zuwa lokacin da komai ya koma ya natsu.

TSIRKIYA ƊAYA TAK

A wannan Bukurun ne aka haifi Alhaji Adamu Ɗan Maraya Jos a shekarar 1946. Iyayensa sun rasu tun yana ɗan ƙanƙani, abin da ya jawo masa sunan da duniya ta san shi da shi ke nan. Ya rasu a Jos ran Asabar, 20 ga watan Yuni, 1915 da ɗari a kai, watau 2015, Allah ya jiƙansa. Ba direba ko yaron mota da zai ce bai san Waƙar Karen Mota ba, wadda ta fara fito da shi. Abin kiɗansa kuwa ba wani abu ba ne illa ɗan ƙoƙo, wanda sau da yawa da gwangwanin kifin sadin a ke yin sa, a rufe shi da fatar akuya, a sa masa ɗan sanda, a ɗaura tsirkiya guda ɗaya tak.

To, mai karatu ya lura da abin da ke faruwa idan an taɓa tsirkiyar nan. Kafin a taɓa ta tana zaune shiru. Makaɗi ya ja ta gefe ya saki. Ba ta komawa mazauninta ta tsaya cak, sai ta wuce shi zuwa ɗaya gefen, ta dawo ta sake wucewa, tana kai da kawowa sau ɗaruruwa a cikin sakan ɗaya, kowane zuwa kuma bai kai na bayansa nisa ba, har ta gaji ta tsaya. Wannan kai da kawowa shi ne amon da kunne ke ji. Abubuwa uku ne suka haɗu suka haife shi: ɗaurin tsirkiyar, wanda ke jawo ta ta koma tsakiya, nauyinta, wanda ke sa ta zarce idan ta taho a guje, da kuma iska da fata da ke shanye ƙarfinta a hankali. A riƙe abubuwan nan uku, domin za a sake gamuwa da su a cikin wayar lantarki.

Kuntigi ba kamar goge ko algaita ba ne, waɗanda a ke ta zuba musu ƙarfi ba yankewa. Kowace murya ta kuntigi daga haihuwarta ta ke fara mutuwa, shi ya sa hannun mai kuntigi ba ya hutawa.

TAZARAR MURYA

Yaya a ke yi tsirkiya ɗaya ta ba da muryoyi iri iri? Da yatsa ne. Idan makaɗi ya danne ta a wani wuri, ya rage tsawon ɓangaren da ke kaɗawa ke nan, gajeriyar tsirkiya kuwa ta fi doguwa saurin kaɗawa, saboda haka muryarta ta fi tashi sama. Nisan da ke tsakanin murya da murya shi ne tazara, kuma da ninki a ke auna ta, ba da ƙari ba.

Ga misali, a ce tsirkiya mai tsawon inci 12 tana kaɗawa sau 200 a sakan. Idan aka danne ta a tsakiya sosai, aka bar inci 6, za ta kaɗa sau 400, watau biyu bisa ɗaya. Kunne zai ji kamar muryar farko ce ta dawo, sai dai siririya, kamar yadda mata da maza kan rera waƙa ɗaya tare, su mata a sama, maza a ƙasa, ba wanda zai ce sun saɓa. Wannan ita ce uwar tazara, Turawa na kiranta oktaf. 'Yan makarantar da suka koyi do-re-mi a Jos, da masu waƙar coci, sun san ta da daga do zuwa do na sama.

Idan aka bar inci 8, watau kashi biyu cikin uku, za ta kaɗa sau 300, uku bisa biyu ke nan, daga do zuwa so, wadda a ke kira tazara ta biyar. Idan aka bar inci 9, kashi uku cikin huɗu, sai a sami huɗu bisa uku, daga do zuwa fa, tazara ta huɗu. Idan kuwa kaɗawar ta zama sau 250, biyar bisa huɗu, an sami do zuwa mi, tazara ta uku. Akan danganta gano wannan lissafi ga wani masani na ƙasar Girka mai suna Fisagoras, wanda ya rayu fiye da shekara 500 kafin haihuwar Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Malaman Musulunci kuma sun faɗaɗa shi ƙwarai, musamman Al-Kindi na Bagadaza, da Al-Farabi wanda ya rasu wajen shekarar 950 ya bar babban littafi a kan ilmin kiɗa.

Don me waɗannan tazarori suka fi daɗi a kunne? Dalili shi ne tsirkiya ba kaɗawa ɗaya ta ke yi ba. Tana kaɗawa gaba ɗayanta, a lokaci guda kuma rabi da rabinta suna tasu kaɗawar, haka kashi uku, haka kashi huɗu. Saboda haka a cikin muryar nan mai 200 akwai 'ya'yanta a ɓoye, masu 400, da 600, da 800. Ita ma mai 300 tana da nata 'ya'yan, 600 da 900. Ga shi sun yi tarayya a kan 600, watau akwai dangantakar jini tsakaninsu, shi ya sa ba sa faɗa idan an haɗa su. Waƙoƙin gargajiya da yawa na ƙasar Hausa a kan matakai biyar su ke tafiya a cikin oktaf, ba bakwai irin na do-re-mi ba. Fiyanon da mawaƙan zamani ke kaɗawa kuwa an raba masa oktaf gida 12 daidai wa daida, kowane mataki ya ɗara na ƙasa da shi da kimanin kashi 6 cikin 100.

Akwai hanya ta biyu ta ɗaga murya, watau ƙara ɗauri. Ita mai kalangu ke bi idan ya matse tsirkiyoyin da hammatarsa, fata ta ɗaure, murya ta tashi, ya sassauta ta sauka, har kalangu ya yi magana. Ai Bahaushe ma da hawa da saukar murya ya ke bambanta kukan jariri da kukar miya. Sai dai wani masani na Faransa, Marin Masan, ya nuna tun a 1636 cewa idan ana so tsirkiya ta hau oktaf guda ta hanyar ɗauri, sai an ninka ɗaurin sau huɗu, ba sau biyu ba.

RANDA DA AMALANKE

Yanzu sai a koma ga waya. A cikin kowane kayan lantarki akwai abubuwa uku da su ke daidai da ɗauri, da nauyi, da abin da ke shanye ƙarfi.

Na farko shi ne abin da makanikai ke kira kwandansa, masu gyaran rediyo kuma su ce kafasita. Ita kamar randa ce, tana tara wuta ta ajiye. A birnin Laidin na ƙasar Holan aka yi suna da irinta ta farko, wajen 1746, da kwalba aka yi ta. Randa ba ta cika nan take. Akwai wani ɗan lokaci nata, wanda ya danganta ga girmanta da ƙuncin hanyar da wuta ke bi ta shiga, a cikinsa ta kan cika kashi 63 cikin 100, kafin a ninka lokacin sau 5 kuwa ta wuce kashi 99. Haka ma ta ke tsiyayewa a hankali, shi ya sa ɗan jan ƙwan da ke jikin rediyo ko caja ya kan ci gaba da haske yana dusashewa bayan an zare waya. Amma fa busasshiyar randa da haɗama ta ke fara shan wuta, wannan ne ɗan tartsatsin da akan gani sa'ad da a ke cusa babbar caja a soket.

Na biyu shi ne kwayil, watau waya da aka naɗe zagaye da yawa, irin wadda ke cikin fanka, da firji, da injin niƙa, da famfon ruwa, da taransifoma. Shi halinsa halin amalanke ne da aka yi wa lodi: da wuyar tayarwa, in ya tashi kuma da wuyar tsayarwa. Maikel Farade na Ingila, a 1831, da Yusufu Henri na Amurka su suka tono wannan hali. Idan wuta na gudu a cikin kwayil aka datse ta farat ɗaya, sai ya yi tsalle ya haifar da turi mai tsanani domin ya tilasta ta ci gaba da gudu. Kowane direban mota mai shan fetur yana cin amfanin wannan kullum, ko da bai sani ba. Batirin mota bolt 12 ne kawai, amma da zarar an datse wutar da ke cikin kwayil sai ya harba fiye da bolt 10,000 zuwa fulogi, tartsatsi ya tashi, fetur ya kama. To, abin da ke tayar da mota, shi ne ke kashe talabijin idan ya faru a inda ba a gayyace shi ba, kamar sa'ad da babban inji ko na'urar walda ta maƙwabci ta yanke aiki a layin da mutum ya ke.

Na uku shi ne ƙuncin hanya, wanda ke mai da ƙarfin wuta ya zama zafi, kamar yadda birki ke cin gudun mota. Shi ne mai kwantar da tarzoma.

WAYA MA TANA DA NATA AMON

A shekarar 1853 wani malami na Jami'ar Gilasgo, Wiliyam Tomsin, wanda daga baya aka naɗa shi Lod Kelbin, ya zauna ya yi lissafin abin da zai faru idan aka haɗa randa cike da wuta da kwayil. Ya gano cewa wutar ba za ta zube ta tsaya kawai ba. Za ta kwarara daga randa ta shiga kwayil, nauyin kwayil ya sa ta zarce har ta cika randar ta baya, sa'an nan ta juyo, tana kai da kawowa tana raguwa, daidai da tsirkiyar da aka ja aka saki. Bayan 'yan shekaru wani Bajamushe mai suna Fedasin ya ɗauki hoton tartsatsin ta madubi mai juyawa, aka ga lalle haka abin ya ke. Har ma ƙa'idar nan ta ninki huɗu ta sake ɓullowa: idan ana so kaɗawar wutar ta ninka sau biyu, watau ta hau oktaf, sai an rage girman randar zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Wanda ke murɗa tsohuwar rediyo yana neman Kaduna a gajeren zango, girman wata 'yar randa ya ke sakewa, kamar yadda makaɗi ke gyara ɗaurin tsirkiya har ta dace da muryarsa.

Fatake masu awo da sikelin rataye sun fi kowa sanin haɗarin da ke cikin wannan zarcewa. Idan aka rataya buhu a hankali, allura ta kan je ta tsaya a kan nauyinsa. Amma idan aka sake shi farat ɗaya, sai allura ta zabura ta kusa ninka nauyin, ta dawo, ta yi rawa, kafin ta tsaya a kan gaskiya. Haka wuta ta ke. Wutar gida a Nijeriya kimanin bolt 230 ce, amma a ƙiftawar idon da aka dawo da ita kan layi, turin na iya zabura ya tasar wa ninki biyu. Bai kai ko kashi ɗaya cikin ɗari na sakan ba ya wuce, amma ƙananan kayan da ke cikin talabijin da caja da ƙwayayen lantarki na zamani ba su bukatar fiye da haka kafin su ƙone.

Ƙari a kan wannan, duk unguwa ce ke farkawa a lokaci guda. Firji ya kan zuƙi wuta ninki biyar ko fiye na abin da ya saba sha kafin injinsa ya ɗauki gudu. Tsohon ƙwan lantarki mai zare ya kan zuƙi ninki goma idan zaren na da sanyi, dalilin ke nan da ya sa ya fi mutuwa a lokacin da aka kunna shi. Gidaje ɗaruruwa suna wannan wawaso tare, ga taransifoma ita ma tana nata, dole wuta ta yi ta hawa da sauka kafin ta natsu.

Lissafin Kelbin ya kuma nuna magani. Idan ƙuncin hanya ya isa, wutar ba za ta yi rawa ba sam, sai ta je ta zauna a hankali, kamar tsirkiyar da makaɗi ya ɗora wa tafin hannu. Direbobi sun san wannan a jikin shakazoba: mai lafiya, mota ta faɗa rami ta lotsa sau ɗaya ta daidaita, wadda ta mutu kuwa, mota ta yi ta rawa har fasinja su fara salati. Makaɗi so ya ke amo ya daɗe, injiniya kuwa so ya ke ya mutu da wuri. Bambancin aikinsu ke nan.

FARKON BUGU

Akwai wani sirri a cikin ɗan lokacin nan na farko. Sa'ad da aka taɓa tsirkiya, 'ya'yan muryar nan na sama su kan fito da yawa a lokaci guda, shi ne kaifin nan da ke sa a gane kuntigi ko daga nesa. Su ne kuma ke fara mutuwa, su bar uwar murya ita kaɗai. A shekarar 1948 wani ma'aikacin gidan rediyon Faransa a birnin Paris, Piya Shefa, ya ɗauki amon ƙararrawa ya yanke farkonsa, da aka saurari sauran sai ya yi kama da na abin busa. Ashe sunan kowane abin kiɗa a farkon bugunsa a ke rubuta shi.

Haka nan duk wani bugu mai kaifi na lantarki yana ɗauke da kaɗawa iri iri, daga ƙasa har sama. Shi ya sa idan aka yi walƙiya rediyo mai matsakaici ko gajeren zango ta kan yi ƙarar nan ta ƙararas, ko wace tasha a ke saurare. Aradu guda ta kan ɗauki wuta wajen amfiya 30,000, alhali kuwa dutsen guga 'yan amfiya kaɗan ya ke sha. Ba kuma sai ta faɗa a kan gida ba. Ko kusa da layin wuta ta sauka, ta kan cusa zabura a cikin waya, ta bi ta har ɗakin mutum.

KUNNE MA MA'AUNI NE

Wutar Nijeriya tana kai da kawowa sau 50 a sakan, ta Amurka kuwa sau 60. Wannan ma murya ce, mai kauri ƙwarai, ita ce gurnanin nan da akan ji a lasifikar masallaci ko ta wurin biki idan waya ba ta haɗu da kyau ba. Taransifomar kan titi kuwa da 100 ta ke gurnani, watau oktaf guda a saman wutar da ke cikinta.

Wanda ke da janareto na iya cin amfanin wannan sani. Ƙaramin janareto sai ya juya sau 3,000 a minti kafin ya ba da kaɗawa 50. Idan firji ya tashi, akan ji muryar injin ta faɗi, sa'an nan ta farfaɗo ta koma inda ta ke. Wannan zabura ce da kunne ke iya ji. Amma idan murya ta faɗi ta ƙi tashi, ko da da mataki ɗaya ne na fiyano, to wutar ta sauko wajen 47 ke nan, an yi wa inji lodin da ya fi ƙarfinsa, sai a rage. Idan kuwa aka zare babban lodi farat ɗaya aka ji injin ya yi ƙara sama, a wannan lokacin ne wuta ke zabura, kayan da suka rage a jone su ke shan wuya. Haka kuma duk wanda ya ji mai ya kusa ƙarewa, inji ya fara tari yana hawa da sauka, ya yi maza ya kashe kaya kafin ya kashe injin.

ABIN YI

Tun da an ga inda gizo ke saƙar, ga abubuwan da ya kamata 'yan'uwa su kiyaye.

Da zarar an ɗauke wuta, a kashe soket na talabijin, da firji, da caja, a bar ƙwai ɗaya a kunne domin ya ba da labari. Idan ta dawo kada a yi gaggawa, a ba ta 'yan mintoci ta natsu, sa'an nan a kunna kaya ɗaya bayan ɗaya. Shi firji musamman, idan ya tsaya, a ba shi minti 3 zuwa 5 kafin a sake tayar da shi, domin iskar da ke cikinsa ta daidaita, in ba haka ba injin zai yi ta yunƙuri yana zafi.

A san kuma cewa kowane mai gadi da irin ɓarawon da ya ke iya kamawa. Fis yana tsare gida daga gobara idan wuta ta yi yawa ta daɗe, amma zabura ta riga shi sauri. Sitabilaiza tana gyara wutar da ta yi ƙasa ko ta yi sama a hankali, ita ma ba ta cim ma zabura. Akwai soket na musamman mai shanye zabura, shi kuma ba ya aiki sosai sai gidan na da wayar ƙasa mai kyau, kuma ya kan gaji da duka, sai an sake shi. Idan kuwa aka ga ƙwayaye sun yi wani irin haske fiye da kima sun tsaya a haka, wannan ba zabura ba ce, matsala ce a layi, a kashe babban makunni a nemo ma'aikaci.

Idan hadari ya haɗo, tun kafin ya iso a zare wayar wuta da ta eriya, domin kashe makunni kaɗai ba ya hana aradu tsallakawa. Masu kula da lasifika a masallatai da wuraren taro su riƙa kunna amfilifaya a ƙarshe, su kuma fara kashe ta, don kada bugun nan na kunnawa ya yaga lasifika. Kada kuma kowa ya buɗe bayan tsohuwar talabijin mai ƙusumbi, ko tukunyar ɗumama abinci ta lantarki, ko inbata ta sola, wai don ya zare waya. Randar da ke ciki na iya kasancewa cike, kuma tana iya kisa. A bar wa masu sana'ar.

Ɗan Maraya ya shekara fiye da 50 yana cin abinci da ɗan lokacin nan da ke tsakanin taɓa tsirkiya da shirunta, har ya zaga ƙasashen duniya da gwangwani da fatar akuya. Mai neman halaliyarsa a Kurmi ba a ce ya kai nan ba, abin da a ke nema gare shi kawai ya san cewa wayar da ke bangon ɗakinsa ita ma tana da irin wannan lokaci, ya yi mata haƙurin minti biyar. Rigakafi dai, in ji Hausawa, ya fi magani. Allah ya tsare mana dukiya da rayuka, ya mai da kowa gida lafiya, amin.